Mai Gero Ya Fitar, Mai Albasa Ya Wuce: Ina Gaskiyar Zakkar Noma?

Da gaske ne manomin da ya sami buhu bakwai na gero sai ya fitar da zakka, amma wanda ya cika babbar mota da albasa ya tura Duwala ko ƙwaya ɗaya ba ta hau kansa ba? Tambayar nan ba ta tsufa a wajenmu. Da zarar masakwa, wato dawar rani, ta nuna a karal, filin laka da ake dasa ta, albasar Meskin ta fara cika kasuwar Marwa, kuɗin auduga kuma suka fara shiga hannun manoma, sai ta dawo sabuwa fil. 'Yan shekarun nan da azumi yake faɗowa a daidai wannan tsakani abin ya ƙara zafi, domin lokaci ne da kowa yake son sauke nauyin da ke wuyansa. A majalisa ana yi, a bakin masallaci ana yi, a saƙonnin murya na WhatsApp kuwa har da gori: wannan ya ce malaman zaure sun ɗaure wa masu kuɗi gindi, wancan ya ce yaran zamani ne ke son cusa wa addini abin da ba ya ciki.

Ni a masussuka na fara jin ta, daga bakin kawuna. An gama auna dawarsa, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gira da gemu, ya ja buhun zakka ya jingine shi daban. Sai ga motar wani maƙwabcinsa ta wuce, an yi mata lodin albasa har tana rangaji. Ya bi ta da kallo, sannan ya juya wajen limamin ƙauyen da ya zo yi masa barka, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni da ko kuɗin taki ban gama biya ba an ce in cire buhu, Alhaji kuma an ce babu komai a kansa. Haka littafi ya ce?" Liman ya ce, "Haka ya ce, amma ba a nan ya tsaya ba." Aka kira la'asar, maganar ta watse. Abin da Liman bai samu ya ƙarasa ba ran nan, shi nake so mu bi a hankali.

Wace zakkar ake nufi?

Zakka ɗaya ce daga shika-shikan Musulunci biyar da suka zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar: kalmar shahada, salla, zakka, azumin Ramalana, da hajji ga wanda ya sami iko. An farlanta ta a Madina shekara ta 2 bayan hijira, kuma nauyinta ya kai Sayyidina Abubakar ya ɗaura yaƙi da ƙabilun da suka ce za su yi salla amma ba za su ba da ita ba. Duk da haka, cikin biyar ɗin ita muka fi jahilta, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu karatun zaure ya tsaya mana a Ahalari da Ishmawi. Na farko tsarki da salla ya koyar, na biyu ya ƙara da azumi. Babin zakka sai an kai Iziyya ko Risala, kafin a kai can kuwa aure da neman abinci sun janye ɗalibi. Sai ka ga mutum ya iya ƙabli da ba'adi tsaf, amma bai san buhu nawa ne nisabin dawa ba.

Shi ya sa kalmar ta zama jakar magori. Zakkar fidda kai, wato sa'i guda na abinci a kan kowane rai a ƙarshen azumi, zakka ake ce mata. Atamfa da sukarin da attajiri yake rabawa a goman ƙarshe, zakka. Kason da ake kai wa jauro ko lawan, wato masu sarautar ƙauye, bayan girbi, shi ma zakka. Wadda muke magana a kanta ita ce ta dukiya, ita ma kashi-kashi ce: akwai ta kuɗi da zinariya da azurfa da kayan kasuwanci, akwai ta dabbobi, akwai ta amfanin gona. Kowace da lokacinta, kowace da nisabinta, wato adadin da idan dukiya ta kai shi zakka take wajaba. Rikicin gero da albasa ya taso ne daga cakuɗa biyu a cikinsu, ta gona da ta kuɗi.

Yadda ake auna zakkar gona

Hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Buhari da Muslim ya yanke cewa babu zakka a abin da bai kai wasƙi biyar ba. Wasƙi ɗaya sa'i 60 ne, ke nan sa'i 300. Sa'i mudun Annabi huɗu ne, mudu kuwa cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Awon cika ne, ba na sikeli ba, don haka idan aka mayar da shi kilo sai a sami ɗan saɓani. Lissafin da ya fi yawo a littattafan zamani kilo 653 ne, wasu sun ɗan rage, wasu sun kai shi 750. A buhunmu mai kilo 100 abin yana faɗawa tsakanin buhu shida da rabi da bakwai da rabi. Wanda ya ga buhu bakwai a gabansa, shawarata ya fitar ya huta. Agodar Marwa da koron kasuwannin Njamena kwanukan ciniki ne, ba a kan sa'i aka ƙera su ba, wanda zai auna da su sai ya sa malamin garinsu ya gwada masa da mudun Annabi.

Abin da ake cirewa ya danganta da ruwan da shuka ta sha. Wadda ruwan sama ko na ƙorama ya raya, ko ta sha da saiwarta daga damshin ƙasa, ushiri ne, ɗaya bisa goma. Shi ne abin da kakanninmu suke yi a gona tun kafin zuwan buhu: a ƙirga dami tara a kai rumbu, na goma a ware. Wadda kuwa aka wahala wajen ɗebo mata ruwa, da jigo ne ko da guga ko da inji, rabin ushiri ne, ɗaya bisa ashirin.

A nan masu masakwa suke yawan kuskure. Tunda da rani take nuna, sai su ɗauka noman rani ce irin ta lambu, su cire ɗaya bisa ashirin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karal ranar dashe ya san yadda abin yake: a huda laka da sanda mai tsini, a tsiyaya ɗan ruwa a ramin, a sa dashen, shi ke nan. Daga ranar ba ta sake ganin ɗigon ruwa daga hannun mutum har a yanke ta, abin da laka ta riƙe tun damina shi take tsotsa. Wannan shi ne ainihin shukar da hadisi ya ce tana sha da saiwarta. Masakwa, ko berbere kamar yadda ake kiranta a Chadi, ushiri cikakke ce.

Shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na Yagwa da Maga, ta fi wannan sarƙaƙiya. A Yagwa injuna ne suke jawo ruwa daga kogin Logon, a Maga kuwa ruwan tafki ne yake gangarowa da kansa ta magudanai. Manoman wuraren biyu duk suna biyan kamfani kuɗi, amma Muhtasar na Shehu Halilu ya ce ruwan da yake gudana da kansa ushiri ne ko da saye aka yi, ko an kashe kuɗi wajen jawo shi. A kan wannan, na Yagwa da na Maga suna iya bambanta duk da shinkafa ɗaya suke nomawa. Wuri ne da ya kamata malaman Mayo-Danai su zauna su fitar wa manoma magana guda, maimakon a bar kowa da ƙiyasinsa. Ita shinkafa da ɓawonta ake auna nisabinta.

Sai batun haɗawa. Risala ta ce gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a cika nisabin wannan da wancan. Mai buhu huɗu na gero da huɗu na dawa bai kai ba. Amma dawar damina da masakwa duk dawa ce, kuma ana haɗa girbi biyu idan an shuka na biyu kafin a yanke na farko. Tunda irin masakwa ana yafa shi ne jigari, wato dawar damina, tana tsaye a gona, wanda ya noma biyun kada ya yi saurin cewa bai kai ba, ya tambaya tukuna. 'Yan'uwan da suke noman gandu su raba, kason kowa ake dubawa. Matar da ta noma gayaunarta, nata lissafin daban yake da na maigida. Abin da aka biya 'yan ƙwadago da hatsi da wanda aka yi kyauta da shi a gona duk suna cikin ƙidaya. Ba a jiran shekara, da an sussuka an sheƙe ake fitarwa, kuma sau ɗaya ne, ko hatsin ya shekara uku a rumbu.

Me ya fitar da albasa da auduga daga lissafi?

A mazhabar Imamu Malik, wadda daga Ngaundare har Abeche a kanta aka tashi, ba kowane tsiro ake fitar wa zakka ba. Abu biyu ake dubawa: ya zama abincin da rai yake dogara da shi, ya kuma zama mai ajiyuwa. Malaman mazhaba sun ƙidaya iri 20: alkama da sha'ir da danginsu biyu, gero, dawa, shinkafa, dangin wake guda bakwai, dabino da busasshen inabi, sai masu mai guda huɗu, cikinsu har da zaitun da riɗi. Masara da gyada daga nahiyar Amurka suka iso bayan an rubuta waɗannan littattafai. Masara ta shiga sahun dawa ba gardama. Gyada kuwa ana ci, ana ajiyewa, ana matse mai, don haka ban ga ta inda mai buhunan gyada zai zame ba.

Albasa, tumatir, kuɓewa, attaruhu, mangwaro da rake duk suna waje. Albasa takan yi 'yan watanni a ajiye, amma ba wanda zai tuƙa tuwonta ya ciyar da gida. Auduga ba a cin ta ma sam. Mai tunani zai iya cewa ai man da muke suya da shi a Garwa daga angurya Sodecoton, kamfanin auduga, take matse shi, me ya raba ta da riɗi? Amsar littattafan mazhaba ita ce masu mai huɗu ne aka ƙayyade, kuma manomi don zare ya shuka ta.

Hujjar Malik aikin mutanen Madina ne. Madina gari ne mai lambuna, an noma kayan marmari da ganyayyaki a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da halifofinsa, amma ba a ji an aika mai karɓar zakka a kansu ba. Da an yi, da labarin ya iso kamar yadda na dabino ya iso. Akwai hadisin da yake cewa babu zakka a kayan lambu, sai dai Imamu Tirmizi da ya kawo shi ya ce babu abin da ya inganta daga Annabi a wannan babi. Ke nan ginshiƙin Malikawa shi ne wancan aiki da aka gada hannu da hannu.

Suna ƙarawa da cewa shari'a ba ta ɗaura zakka a kan tsadar abu kawai ba. Mai shanu 29 babu komai a kansa, mai awaki 40 sai ya ba da akuya, alhali kowa ya san wanda ya fi wani a kasuwar dabbobi. Ibada ce mai iyakoki, ba a faɗaɗa ta da jin zafin zuciya. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ce malaman zaure son masu kuɗi ne ya sa su faɗe ta ya zalunce su.

Rabin maganar da ake haɗiyewa

A wuri guda da Malik ya ce a cikin Muwaɗɗa babu zakka a kayan marmari da ganyayyaki, a nan ya ce babu zakka a kuɗinsu har sai shekara ta zagayo daga ranar da aka sayar aka karɓi kuɗin. Ma'ana idan ta zagayo, akwai. Wannan ne "ba a nan ya tsaya ba" da Liman ya faɗa wa kawuna. Albasa ta fita ta ƙofar gona ne ta shigo ta ƙofar kuɗi.

Nisabin kuɗi dinari 20 ne na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595. Farashinsu yana hawa yana sauka, don haka ranar lissafi ake tambayar masu sayar da zinariya. Na azurfa ya fi na zinariya ƙasa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya auna da shi ya fi kyautata wa talaka. Abin da ake cirewa ɗaya bisa arba'in ne, wato sefa 25,000 a kowace miliyan. Manomin albasa ko auduga da ya ajiye miliyan biyu ta shekara, a banki ne ko a waya ko a ƙarƙashin katifa, sefa 50,000 ta hau kansa muddin ta kai nisabin da ya auna da shi.

Ɗan kasuwar da yake sayen albasa a hannun manoma ya tura Yawunde ko Duwala ko Gabon, shi wannan rangwame bai shafe shi ba ko kaɗan. Albasa a hannunsa haja ce, daidai take da atamfa ko siminti. Idan mai juyi ne, yau saye gobe sayarwa, zai tsayar da wata guda a shekara ya yi wa kayansa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire ɗaya bisa arba'in. Idan mai ajiya ne da ke jiran kaya su yi tsada, ranar da ya sayar yake fitarwa muddin shekara ta zagayo wa jarin. Na sha jin dillalai suna fakewa da "ai albasa ba ta da zakka", alhali fatawar ba tasu ba ce.

Wanda ya juya kuɗin ya sayi shanu ya zuba a garken da dama ya kai nisabi, sababbin suna bin tsofaffin a ƙidaya ko da saura kwana ɗaya shekarar garken ta cika. Shanu 30 maraƙi ne, 40 kuma saniyar da ta cika shekara uku a lissafin Malikawa, kuma a wannan mazhaba na kiwo da na turke da na huɗa duk ana ƙirga su.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: kuɗin manomi ba sa kwana. Kafin damina ta faɗi an sayi fili, an sayi babur, an aurar da 'ya, an zuba saura a iri da man inji. Mutum zai iya shekara goma yana loda motoci, shekara ba ta taɓa zagayo wa kuɗi a hannunsa ba, kuma bai yi wata dabara ba. A takarda bai saɓa ba. Wannan giɓin shi ne ainihin abin da yake ci wa irin su kawuna rai, kuma ba su yi ƙarya ba.

Malaman da suka ce a fitar

Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan cewa duk abin da aka shuka don a ci amfanin ƙasa akwai zakka a cikinsa, hatsi ne ko ganye ko auduga. Ya kafa hujja da aya ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a ciyar daga abin da Allah ya fitar mana daga ƙasa ba tare da ta ware wani iri ba, da kuma hadisin ushiri da ya zo a game. Sai aya ta 141 a Suratul An'am, wadda ta ambaci dabino da shuka da zaitun da rumman, sannan ta ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Rumman kuwa ba abincin dogaro ba ne. Malikawa suna amsawa da cewa surar a Makka ta sauka, kafin a ƙayyade zakka, don haka haƙƙin da ake nufi shi ne ɗan abin da ake miƙa wa mabuƙatan da suka halarci girbi.

Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne, daga cikin manyan Malikawa akwai wanda ya bar mazhabarsa a wannan mas'ala. Alƙali Abubakar ɗan Arabi, malamin Andalus da ya rasu shekara ta 543 bayan hijira, ya bayyana cewa ra'ayin Abu Hanifa ya fi ƙarfin dalili, ya kuma fi kiyaye haƙƙin miskinai. A zamaninmu Shehu Yusuful Ƙardawi ya bi wannan hanya a littafinsa na fiƙihun zakka. Saboda haka wanda ya ce a fitar wa albasa zakka bai zo da baƙon addini ba.

Ni ga inda na tsaya. Ba zan ce wa wanda ya bi fatawar Malik ya yi laifi ba, ba ni da wannan bakin. Tsohuwar da ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, babu mai bin ta ko sisi. Amma wanda yake noma kadada-kadada na albasa da injuna da ma'aikata, ya san abin da yake hannunsa ba ɗan lambun da ake tsinka a yi miya ba ne, dukiya ce da ta fi ta mai gero ninki ba adadi. Irin wannan ina ganin abin da ya fi masa aminci shi ne ya ɗauki maganar ɗan Arabi. Tunda da inji yake ban ruwa, buhu biyar ne cikin ɗari, kuma a wajen Hanafawa ya halatta ya ba da kuɗinsu maimakon albasar. Abu guda nake roƙo: kada mutum ya zama Bamalike ranar albasa don ya tsira, ya koma wata mazhabar ranar da aka zo maganar bashi don ya sake tsira.

Bashin taki fa?

Wannan ne ɗaya ɓarin kukan kawuna. Risala ta faɗa ƙarara cewa bashi ba ya kayar da zakkar hatsi ko dabino ko dabbobi, na kuɗi kawai yake kayarwa. Haƙƙin yana rataye ne a jikin hatsin tun ranar da ƙwaya ta yi ƙwari, kuma sauƙin da shari'a ta yi saboda wahala shi ne wancan rabin ushirin. Wanda ya yi hayar gona, shi da ya noma shi zai fitar, ba mai ƙasa ba.

Sai dai an ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar cewa manomi yana cire bashin da ya ci domin gonar kafin ya fitar, kuma wasu malaman zamani sun yi riƙo da wannan ganin yadda taki da maganin feshi da hayar shanun huɗa suke cinye amfanin gona yanzu. Ƙaramin manomin da bashi ya shaƙe yana da inda zai jingina idan malaminsa ya ba shi wannan fatawa. Manomin auduga shi tasa ta zo da sauƙi, domin kamfani yakan zare kuɗin taki da magani kafin ya biya shi, abin da ya shigo hannunsa shi ne abin lissafi.

Buhun da aka kai fada, da wanda aka kai wa Malam

A ganina hatsin da yake ɓacewa ta wannan hanya ya fi wanda ake jayayya a kansa. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809 aka kafa lamidodin Fombina, wato masarautun ƙasar Adamawa, fada ce take tara zakka ta hannun lawan da jauro, a matsayinta na hukumar Musulmi. Daga nan ake ciyar da baƙo da maraya da matafiyi. Jamusawa suka zo, Faransawa suka biyo, haraji ya koma na gwamnati, yau kuma Kamaru da Chadi ba ƙasashe ne da hukuma take karɓar zakka ba. Sunan ya zauna, amma a wurare da dama abin da yake ƙarƙashinsa ya koma kuɗin ƙasa. Alamarsa a fili take: idan ana karɓa daga wanda ba Musulmi ba, ko daga wanda bai kai nisabi ba, ko ana yanka shi a kan girman gona, to ba rukunin Musulunci ake karɓa ba.

Ba raina sarauta nake yi ba. Inda fada take tarawa ta raba wa masu haƙƙi a idon jama'a, wanda ya kai can ya sauke nauyi. Inda kuwa kuɗin ƙasa ne, a biya shi da sunansa, sannan a san zakka tana nan ba a fitar ba. Malaman mazhaba sun ce wanda ya miƙa zakkarsa da son ransa ga wanda ya san ba zai kai ta inda ta dace ba, ba ta isar masa ba.

Masu haƙƙin kuwa Allah da kansa ya lissafa su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, su takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Ginin masallaci ba ya ciki a wajen mazhabobin nan huɗu. Iyaye da mata da ƙananan 'ya'ya ba a ba su, domin ciyar da su dama wajibi ne. Amma ɗan'uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo da ke cikin rashi sun fi cancanta, lada biyu ne. Malami yana karɓa idan mabuƙaci ne, kuma da yawa daga malaman allonmu mabuƙata ne na gaske, sai dai buƙatar ake dubawa, ba rawani ba. Maƙwabcinmu da ba Musulmi ba, ƙofar sadaka da haƙƙin maƙwabtaka a buɗe suke gare shi, kuma yunwarsa abin tambaya ce a kanmu.

Da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya ce masa a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Don haka a garin da aka noma ake rabawa, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Mu kuwa ba sai mun yi nisa ba. Waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Kolofata da Fotokol da ƙauyukan Mayo-Sava suna zaune a gefen garuruwanmu, sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo yana nan tun 2013, ambaliyar 2024 kuma ta bar gidaje da yawa a Yagwa da kewaye ba rumbu ba gona.

A riƙe ta sai marka, ko a bayar yanzu?

Wasu masu kyakkyawar niyya sukan ce gara su ajiye buhun zakka sai watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, magidanci yake cin bashin buhu ɗaya a kan zai biya fiye da haka da kaka. Tunanin yana da kyau, amma hukuncin shi ne a fitar nan take, domin daga ranar da ta wajaba ta tashi daga dukiyar manomi, riƙon amana kawai yake yi. Idan ƙwari suka ci ko gobara ta cinye bayan ya yi jinkiri da ganganci, sai ya biya. Ba da kuɗi a madadin hatsi yana isarwa a mashahurin zancen Malikawa, amma makaruhi ne, kuma a ƙauye hatsin ya fi kuɗin daɗewa a gida.

Abin da ya fi kusa da biyan waccan buƙata shi ne a daina watsa ta kwano-kwano ga mutum hamsin. Mazhaba ta yarda a ba mabuƙaci ɗaya abin da zai ishe shi har shekara. Buhun kawuna na ran nan a amalanke aka ɗora shi kafin magariba, aka kai gidan wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta zuba masa toka ta liƙe bakin rumbu da laka, ba ta buɗe ba sai da marka ta kankama.